Randar Baba Mai Karkataccen Wuya

Har yau in na kai kaya kasuwar Lahadi sai an samu wata mai dogon baki ta tsaya a kaina, ta langaɓe kai, ta ce, "Tsohuwa, wagga randa kamar ta kwanta gehe guda." Ni kuwa sai in ce mata ai ta kwanta ɗin, in mazubin ruwa kike so ga shi nan, in kuwa madubi kika zo nema butik, kantin ƴan kasuwa, yana gaba. Wasu su yi dariya su saya, wasu su ja tsaki su wuce. Ko a jikina. Na riga na yi rigimata da karkata tun ina da ƙarfin sungumar randa ni kaɗai, kuma ban fito da kunya ba.

A Tawa na tashi, a hannun yayar mahaifiyata wadda nake kira Inna. Uwata ta rasu ina ƙarama, Baba kuwa manomi ne a Affala, ba shi da mai riƙe ni, sai Inna ta je ta goyo ni ta kawo birni. Ita da uwata ginin tukwane suka gada. A unguwarmu Inna ce babbar magina, ita ke faɗin ranar da za a toya, kuma ita ke jera kayan kowa a matoya da hannunta. Mace ce doguwa, marar yawan magana, wadda in ta dube ka sau ɗaya sai ka fara tunanin laifin da ka yi.

A bayan ɗakinta akwai ramin da muke jiƙa yumɓu. Abin da wanda ba magini ba bai sani ba shi ne, tukunya in dai ba ta shiga wuta ba, ba ta zama komai ba tukuna. Ko ta bushe ƙayau, ko an shafe ta da jar ƙasa an goge da ƴaƴan kuka har tana ƙyalli, in ka tura ta cikin ruwa, kafin a sauke tuwo ta koma laka. Sai ka sake cuɗawa ka sake ginawa, ba ka yi asarar komai ba sai guminka. Amma in ta shiga wuta, shi ke nan, yadda ta fito haka za ta zauna har ta fashe, kowa ya gani ya san hannun wa ya yi ta.

In na gama gini sai in kai wa Inna. Ba ta ko duba da ido. Runtsewa take yi, ta bi cikin da tafin hannu, ta bi wuya, ta zagaya baki da ɗan yatsa. In ta ji tudu ko kwari ko kamar ƙwayar gero, magana ɗaya ce: "Maishe ta ruwa." Ba zagi, ba duka. Ni da kaina zan ɗauka in kai rami in tsaya ina kallonta tana narkewa. Ƙananan tukwanen miya da kasake takan bari su wuce, don ba wanda ke tambayar wa ya gina kasko. Amma randa, babban abin da ake sanin maginiya da shi, tawa ko ɗaya ba ta taɓa ganin wuta ba, har na yi aure a nan cikin unguwa, har na haihu, ina zuwa gidanta aiki kullum safiya.

Ana cikin haka aka ce ƙasa ta samu ƴanci. Ni dai abin da na gani da idona shi ne an canza tuta a gidan kumandan mai mulkin gari, ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, sun yi ta waƙa a hanya, sannan kamyo, manyan motocin nan, suka fara sauke kaya daga kudu fiye da da. Fataken Maraɗi da na Najeriya suka cika kasuwa da bokitai da tasoshi masu fure. Kai, ranar da na fara riƙe tasar nan, sai da na ji kamar in yi kuka! Na zagaya bakinta da yatsa kamar yadda Inna ke yi, babu tudu, babu kwari, kuma duk ƴan uwanta da ke jere kamar an tsaga kara. Daga ranar idona ya lalace. Ban ma ƙara jiran Inna ta ce komai ba. Ina gama randa zan tsugunna in hango ta ta nan, in hango ta can, in ga abin da ko aljani ba zai gani ba, in kai ta rami da kaina. Matan unguwa har suna yi mini tsiya, wai ramin Inna ya fi kowa shan randa a duk ƙasarmu ta Adar.

To, a gidan Baba akwai wata randa da uwata ta gina kafin ta rasu. A cikinta ya sha ruwa duk shekarun nan. Wata rana akuya ta tsinke igiya, ta yi tsalle ta bangaje ta, ta rabe. Wana, wanda ke zaune da Baba yana noma tare da shi, ya ce bari ya sayo wata ranar kasuwa. Baba ya ce atafau. Ya ce yana da ɗiya maginiya a Tawa, ba zai sha ruwa a randar kowa ba sai tata. Taurin kai dai na gidanmu ne, ba a waje na samo nawa ba. Aka aje masa bokiti a ƙofar ɗaki, aka aiko mini da saƙo.

Na ji daɗi, wallahi, na kuma ji tsoro. Randar da za ta zauna a gurbin ta uwata! Ni da ban iya tuna fuskar matar sosai ba, amma tun ina yarinya nake jin ana cewa hannunta ya fi na Inna. Na shiga gini. Na gina, na maida ruwa. Na sake ginawa, Inna ta shafa ta ce gindin ya yi kauri, na maida ruwa. Wata na yi mata zane da farar ƙasa har na gama, da safe na ga layi ɗaya ya ɗan kauce, na kai ta rami ban ko nuna wa kowa ba. Rani ya ƙare, damina ta zo, ba a gini ba a toyi. Wani ranin ya shigo ya kama hanyar fita. In Baba ya ga mai zuwa Tawa sai ya ce a tambaye ni ina randarsa, ni kuma in ce a gaya masa ta kusa.

Ran wata Lahadi cikin bazara, zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga, wana ya zo kasuwa ya biyo ta gidan Inna. Ya same ni durƙushe ina buga yumɓu. Ko zama bai yi ba.

"Ke, wai mi kike jira?" ya ce. "Baba na kwance tun watan jiya. Ba shi cin komi, ruwa ɗai shika nema, ruwan kuwa in ya wuni cikin bokiti kamar an ɗora shi bisa murhu. Na kawo mishi tulun maƙwabta, ya kauda kai. Ya ce taki shika jira."

Na ce, "Yaya, ta kusa."

"Ta kusa! Bara ma haka kinka ce." Ya nuna gabas da haɓa. "Dubi can."

Na duba. Gajimare ne fari tas ya fara taruwa a gindin sama. Kowa a unguwa ya san Inna ta riga ta sa ranar toyi na ƙarshe, Alhamis ta sama, don itace da kashin shanu sun taru kuma ba a wasa da ruwan farko. In aka wuce wannan, babu sauran wuta sai bayan girbi. Wana bai ce Baba ba zai kai girbi ba, amma ya tsaya yana kallona har sai da na gane.

Washegari da sassafe na fara. Na tankaɗe dakakken tsingaro, na zuba ƙaiƙayin gero, na cuɗa da ƙafa har cinyoyina suna rawa. Cikin ya fito yadda nake so, zagayayye, ba kauri ba siranta, ko ni mai neman aibi ban samu abin faɗi ba. Na bar shi ya sha iska, na ɗora wuya. Sai iskar bazara ta taso da rana tsaka, mai zafi kamar daga bakin tanda, ta bugi gefe ɗaya. Gefen ya bushe ya ja, ɗayan yana ɗanye ya zauna. Kafin in ankara in rufa mata tsumma, wuya ya karkata, kamar mutum ya ji ana kiransa daga baya ya fara waiwaye. Na yi ta dannawa ina shafawa da ruwa, ina! Yumɓu ya riga ya yanke shawararsa.

Ba sauran lokacin gina wata ta bushe kafin Alhamis. Na san haka sarai. Amma ku ji abin da ƙafafuna suka yi: ranar Laraba da hantsi, ana gobe toyi, randa ta bushe, na shafe ta da jar ƙasa, sai ga ni na rungume ta na nufi rami. Ba wanda ya aike ni, Inna ma tana cikin ɗaki. Na tsaya a bakin ramin, ruwan yana nan jawur, ga tarkacen wadda na narkar makon jiya bai gama nutsewa ba.

A nan ne raina ya ɓaci. Ba baƙin ciki ba, fushi, irin wanda ke sa kunne zafi. Na ce wai ni wa nake yi wa wannan bauta? Tsohona yana can leɓensa ya tsage, ni ina nan ina shayar da rami? Wa ya taɓa shan ruwa a wuyan randa? A ciki ake sha, cikin kuwa lafiyarsa lau. Na ce wallahi ko duk Tawa za ta taru ta yi mini dariya, wannan sai ta ga wuta. Na juya da ita na kai inuwar zana, na zauna na yi mata zanen farar ƙasa cikin fushi, layukan suka fito wani ya fi wani kauri. Na bar su haka.

Ranar Alhamis bayan la'asar mata suka hallara a matoya, can bayan gari inda ƙasa ta yi baƙi saboda toyin shekaru. Kowa ta kawo kayanta ta aje a gefe, Inna tana bi tana ɗauka tana kifewa bisa itace, manya a tsakiya, ƙanana a kewaye. Na iso da tawa a ka. Tun kafin in sauke mata suka zubo mini ido. Inna ta zo, ta runtse ido, ta bi ciki da hannu, ta jima a nan, sannan ta hau wuya. Hannunta ya tsaya.

"Maishe ta ruwa," ta ce, a hankali, don kada a ji.

Na ce, "Inna, ba ni maishe ta."

Ta buɗe ido. Tun da ta goyo ni daga Affala ban taɓa mayar mata da magana ba.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni maishe ta. Ta Baba ta, kuma shina kwance."

"Don shina kwance za ki kai mishi abin kunya? Wagga za ta zamna inda ta uwarki taz zamna? Duk wanda yash shiga gidan sai shi ce ga aikin gidanmu."

Na ce, "Bari shi ce. Ni niy yi ta, ba ke ba. In an yi dariya ni za a yi ma."

Wata daga cikin matan ta ce a'a, a bi a hankali, randar da ba ta yi daidai ba takan fashe a wuta ta ɓata na kusa da ita. Gaskiyarta, kowa na tsoron kayanta. Na ƙwanƙwasa cikin da ɗan yatsa a gabansu, ta yi ƙara garau. Na ce ku ji, ta bushe, ba ta da tsaga, wuyanta kaɗai ya waiwaya, kuma ban taɓa jin waiwaye ya fasa tukunyar kowa ba. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya suka toshe baki. Inna ba ta yi dariya ba. Ta harɗe hannuwa ta ce ita dai hannunta ba zai jera wannan ba.

A al'adar matoyarmu, abin da Inna ba ta jera ba ba ya shiga. Ba wanda ya taɓa gwadawa, shi ya sa ba wanda ya san abin da zai faru in an gwada. Na sunkuya na ɗauki randata, na taka itacen da ƙafata, na shiga tsakiya. Gumi yana shiga mini ido. Wata tsohuwa ƴar garin Bambeye da ke toyi tare da mu ta ja tulunanta gefe, ta buɗe mini wuri. Na kife ta, na tokare da tsingaro, na fito. Na tsaya ina jiran sama ta faɗo.

Ba abin da ya faɗo. Inna ta dube ni, dogon kallo, sannan ta juya ta ce a kawo kashin shanu a rufe, rana na tafiya. Aka rufe, aka bi da kara da ciyawa, aka sa wuta. Hayaƙi ya tashi ya nufi yamma. Muka koma gida, tana gaba ina baya.

Da gari ya waye muka koma tonon toka. Randata ta fito da ranta. Wuyan yana nan a karkace, wuta ma kamar ta ƙara masa, ga wani baƙin tabo a kafaɗa inda kashin shanu ya kwanta mata. Kyau dai, in gaskiya za a faɗa, ba ta da shi. Amma da na buga ta sai ta amsa kamar ƙarfe. Na ɗan saci kallon Inna. Tana can tana kakkaɓe tukwanenta, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ki naɗe ta da ciyawa da kyau, hanyar Affala duwatsu ta."

Ban yarda da kamyo ba. Wani Buzu mai kawo cuku kasuwa, wanda zai koma ta wajenmu, ya yarda ya ɗora ta a jakinsa, randa cikin raga a gefe ɗaya, buhun gero a ɗayan don nauyi ya daidaita. Na goya ɗana na bi su a ƙasa. Duk tuntuɓen da jakin ya yi sai na yi salati. Buzun har ya gaji ya ce mini in daina salati haka, ina tsorata masa dabba.

Na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa, kwance bisa tabarma, ya rame har na so in kasa gane shi. Bokitin yana gefensa, ƙudaje suna bin bakinsa. Na gaishe shi, ya amsa da kyar. Wana ya kwance ragar, muka kai randa gurbin tsohuwar, ta ƙi zama daidai sai da matar wana ta cusa mata dutse a gindi. Muka ɗauraye ta, muka cika da ruwan rijiya, muka rufe da faifai. Sai jira. Can wajen la'asar jikinta ya fara gumi, ƙasan da ke ƙarƙashinta ya yi duhu. Kada wani ya ce karkatar ce ta sanyaya ruwa, ƙaiƙayin da na cuɗa a yumɓu ne, kowace maginiya ta san wannan.

Na ɗebo a moɗa, na tallafo kansa. Ya sha, ya tsaya ya numfasa, ya sake sha har ruwa yana bin gemunsa. Ina ta jira ya dubi wuyan, ya dubi tabon, ya ce wani abu game da ta uwata. Na ma shirya amsar da zan ba shi. Ya juya ido ya dube ta, ya jima yana kallo, sannan ya miƙo mini moɗar.

"Ƙaro min, ɗiyata," ya ce.

Kwana kaɗan bayan haka ruwan farko ya sauka, kamar da bakin ƙwarya. Da na koma Tawa na tarar matoya ta zama tafki, kwaɗi suna ta biki a ciki. Ni da Inna muka ci gaba da zama kamar da, sai dai abu ɗaya ya canza. Da rani ya dawo takan shafa randata ta ce a maishe ta ruwa, ni kuma in ƙwanƙwasa, in ta amsa, in ce a'a. Wani lokacin tana da gaskiya, gindi ya yi siranta ko akwai tsaga, sai in kai rami ba gardama, don abin da ba zai riƙe ruwa ba ba randa ba ne. Amma don layi ya kauce ko wuya ya waiwaya, ban ƙara narkar da aikin hannuna ba, kuma ba zan ƙara ba. Hannuna ma sai ya sake, na fara zane-zanen da da ba na ko kusantarsu don tsoron kuskure.

Baba bai ga girbi ba. Gero yana fitar da kai aka aiko, na je na same shi da sauran numfashi, da hantsi ya cika. Duk daminar nan, in ji matar wana, ba abin da ke shiga cikinsa sai ɗan kunu da ruwan randar, kuma ba ya yarda kowa ya sa mata hannu da datti. Da maza suka taru za su yi masa wanka, wana ya leƙo ya ce a kawo ruwa. Mata suka nufi rijiya, na ce su tsaya. Na buɗe faifan, na ɗebo moɗa bayan moɗa ina zubawa a ƙwarya ana miƙa musu, har sai da hannuna ya taɓo gindinta. Ruwan da sanyi, har ƙarshe.